Garikai da Jar Jitar Chikowore

Shekara ashirin da uku Garikai Nyamande yana kaɗa jita a ƙungiyar Tsoho Chikowore, amma ko tsirkiya ɗaya ba shi da ita da zai nuna ya ce tasa ce. Wannan ba abin mamaki ba ne a Chitungwiza, garin da ke gefen Harare. Haka sana'ar take. Mai ƙungiya shi ke da jita, shi ke da ganguna, shi ke da lasifika har da wayar da ake jona su, makaɗi kuwa yatsunsa kawai yake zuwa da su. In an tashi daga wasa sai a kwashe komai a kai ɗakin ajiya na gidan maigida a danna kwaɗo, kowa ya kama gabansa hannu rabbana.

Shi Garikai a ƙauye ya taso, can wajen Mutoko. Jitarsa ta farko galan ɗin man girki ne ya huda ya ɗaura masa wayar birkin keke. Mahaifinsa ya fasa uku, ya ƙera ta huɗu. Da ya shigo birni ya yi dako, ya yi gadi, har ranar da Chikowore ya ji shi yana taɓa jitar wani a bayan gidan giya, ya miƙa masa wata jar jita ta lantarki ya ce, "Gwada wannan mu ji." Tun daga ranar ba ta ƙara sanin hannun kowa ba. Irin kiɗansu, wanda ake kira sungura, ba ya son nawa. Jitar gaba ita ke gudu a sama, siririya, tar-tar, kowace ƙwayar sauti a rarrabe, kuma a nan ne Garikai ya yi suna. Ko a kombi, motar haya, aka saka tsohuwar waƙarsu, kafin mawaƙi ya buɗe baki za ka ji wani fasinja ya ce, "Ai hannun Nyamande ne."

To, abin da ke ba jitar lantarki murya wani ɗan ƙarfe ne mai tsawon yatsa da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, shi ke ɗaukar rawar tsirkiya ya aika wa lasifika. Maɗaukin sauti ke nan. Na jar jitar nan, wanda ke can ƙasa kusa da gindin tsirkiyoyi, shi ne ya soma mutuwa, don gumin shekara ashirin da uku ya cinye shi. Ana tsakiyar wasa sai ya ɗauke ɗif, Garikai na ta murza yatsu babu abin da ke fita, sai ya kai wa jitar duka da tafin hannu sannan ta farfaɗo. A wani biki a Norton sau huɗu ta yi masa haka, har wata ƙanwar ango ta ɗaga murya ta ce, "Wai kiɗa aka ɗauko ka ko dambe?" Aka kwashe da dariya. Ranar ko abincin bikin bai iya ci ba.

A lokacin Chikowore ya riga ya kwanta. Ƙoda ce ta taɓu, ƙafafu sun kumbura, yaran ƙungiyarsa ke fita wasa ba shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ƙanwarsa Gwaggo Marwei ce ta taho daga ƙauye tana jinyarsa, kuma makullan gidan duk sun koma bakin zanenta. Garikai ya shiga ɗakin tsohon, ya tsuguna ya tafa hannu ya gaishe shi, ya faɗa masa abin da ya faru a Norton. Su biyu ne kawai a ɗakin.

Tsohon ya ce, "Ni yanzu da wanne zan ji, Nyamande? Je ka gyara abarka. Jitar nan ai taka ce. Ranar da ba ni, kai za ka ɗauka. Wa ya san bakinta in ba kai ba?"

Garikai ya fito kamar an yi masa bushara da aljanna. Kai tsaye ya wuce rumfar matarsa Hazvinei, wadda ke sayar da tumatir da ganye a bakin titi, ya zayyana mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta jera tumatirinta.

Ta ce, "Wa ya ji?"

"Ni na ji."

"Ban da kai fa?"

Ba ta jira amsarsa ba ta ci gaba.

"Baban Nyasha, ka san yadda muke rabon kayan mamaci. Za a shimfiɗa komai a tabarma, daga kwat har cokali, a raba wa dangi. Kai danginsa ne? Koma ka ce ya maimaita a gaban Gwaggo. Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Gaskiyarta, kuma ya san gaskiyarta ce, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Amma ta yaya mutum zai je gaban marar lafiya ya tayar da zancen gado? Kafin ka kai bakin ƙofa an ce ƙirga masa kwanaki kake yi, wasu ma su ce da hannunka a ciwon. Sai ya ƙulla dabararsa. Zai sa wa jitar sabon maɗauki, muryarta ta dawo kamar da, tsohon ya ji daga gadonsa ransa ya yi fari, shi da bakinsa ya sake faɗa a gaban ƙanwarsa ba wanda ya roƙe shi. Ya ce wa Hazvinei aikin mako ɗaya ne.

Mako ɗaya! Ai da ma ba a san gidan Chikowore ba. Jita ba ta fita daga gidan sai ranar wasa, Gwaggo Marwei kuwa ba ta buɗe ɗakin ajiya sai Laraba, ranar gwaji. Don haka mai gyara ne zai zo inda jitar take. Garikai ya ɗauko Zivanai daga kasuwar Siyaso ta Mbare, wani siririn mutum mai bakin tsiya da ke gyaran rediyo da naɗin fanka. Larabar farko suka baje kaya a baranda tun da hantsi, aka ɗauke wuta. Suka zauna suna kallon juna har inuwa ta juya, Zivanai ya cinye masarar da Gwaggo ta dafa, ya tattara kayansa ya tafi.

Laraba ta biyu wuta ta tsaya. Suka sa maɗauki na farko, sabo dal ɗan Caina da Garikai ya sayo a cikin gari, har yana sheƙi. Zivanai ya narka dalma ya liƙe waya, aka jona lasifika. Tun kafin a taɓa tsirkiya sai ga wata ƙara, zzzz, kamar an buɗe amyar zuma. Garikai ya daure ya kaɗa. Kaifi dai akwai, har ya yi yawa, sautin na shiga haƙori.

Daga tagar ɗaki muryar tsohon ta fito: "Wane ne ke yanka alade a gidana?"

Zivanai ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Na gaya maka, mutumina. Maganaɗisun da ke cikin wannan irin na ƙofar firiji ne. Kai ka ga sheƙi ka ruɗe."

"Yaushe ka gaya min?"

"A zuciyata na faɗa."

Laraba ta uku Zivanai ya zo da nasa, wanda ya ciro daga wata karyayyiyar jitar coci. Naɗi biyu ne a jiki ɗaya, in ji shi ɗayan yana kashe ƙarar ɗayan. Haka kuwa aka yi, lasifika ta yi tsit, Garikai har ya soma murmushi. Da ya saki yatsu a guje sai murmushin ya koma. Murya ce mai kauri, mai daɗi ma in a hankali ake tafiya, amma da gudu sai ƙwayoyin sautin su manne wa juna kamar tuwon sadza da ya kwana.

Zivanai ya ce, "Wannan shi kowa ke nema yanzu. Duk 'yan coci shi suke so."

"Ni ɗan coci ne? Ka ji ta fa. Kamar mutum na magana da loma a baki."

"Na farko ka ce kaifi ya yi yawa, wannan ka ce kauri. Wai mata kake zaɓe ko ƙarfe?"

Babban tashin hankalin shi ne, Garikai ya rasa yadda zai auna su. Mako guda ne tsakanin jin wannan da jin wancan, kunne kuwa ba littafi ba ne. Sai ya soma kokwanto: anya ɗan Cainan ya yi munin da yake tunawa? Ya ce a mayar da shi ya ƙara ji. Zivanai ya zazzaga masa ashar, amma ya kwance tsirkiyoyi, ya cire, ya ɗora ƙarfe a kan dalma. Dalmar na soma narkewa aka ɗauke wuta. Ranar Asabar da maɗaukin nan mai bakin loma Garikai ya je wasa a Ruwa, ya yi awa huɗu yana jin kamar hannun wani aka dasa masa.

Na ukun daga Johannesburg ya zo. Yayar Hazvinei tana zuwa saro kaya can a bas, Garikai ya rubuta mata suna a takarda, ya zana mata tsawo da faɗi, ya roƙe ta kamar zai durƙusa. Aka yi mako uku ana jira. Da ya iso, kai, abu ne mai kyau, da nauyi a hannu, a ɗan kwalinsa da rubutun Turanci. Sai dai ya fi ramin jitar faɗi da kusan kaurin ɗan yatsa, don mai kantin ya ce mata wannan ya fi wanda aka rubuta. Zivanai ya juya shi, ya juya, ya ce ba wata hanya sai an faɗaɗa ramin. Ya zaro kurfi da guduma, ya ɗora bakin kurfin a jan katako.

"Me zan gani haka?"

Gwaggo Marwei ce a bakin ƙofa, da kwanon kunun marar lafiya a hannu.

"Ku sassaƙe kayan yayana yana numfashi? Nyamande, kai ma? Jitar ubanka ce?"

Jama'a, ga ƙofa Allah ya buɗe masa! Abin da zai ce bai fi kalma goma ba: Gwaggo, mu shiga ki tambaye shi, ya ce tawa ce. Tsohon yana nan bayan bango, a farke, ana jin tarinsa. Garikai ya buɗe baki, ya dubi kwanon kunun, ya dubi idon matar da ya yi ja don rashin barci, sai ya ji kansa yana cewa, "Yi haƙuri, Gwaggo, kuskure ne." Zivanai ya mayar da kurfinsa jaka yana tsaki. Har yau maɗaukin Johannesburg yana nan a kwalinsa a kan kabad ɗin Hazvinei, ba wanda ya taɓa jin muryarsa.

Da ya koma gida Hazvinei ta ce, "Mako ɗayanka ya zama bakwai. Jiya na ga Gwaggo a kantin magani, ta ce ko zama ba ya iya yi yanzu. Kai kana can kana auna zuma da tuwo."

"Ba za ki gane ba, Maman Nyasha. In na je masa da muryar da ba ita ba, me zan ce na gyara?"

"Shi murya yake ji yanzu ko ciwo? Mutum ya shekara hamsin da biyu ba shi da ko kayan sana'arsa, an ba shi a baki, ya kasa cewa a maimaita. Ni dai na faɗa."

Ya fita ya bar mata ɗakin.

Tun farko Zivanai ya ce a bar shi ya naɗa da hannunsa, Garikai ya ƙi, wai ba zai ba mai naɗin fanka muryarsa ba. Yanzu girman kai ya ƙare. Zivanai ya farke ɗan Cainan ya zubar da kayan cikinsa, ya sa wasu tsofaffin maganaɗisai shida da ya tono a tarkacensa, ya samo waya siririya kamar gashin jariri, ya ɗaura abin a jikin keken ɗinki na hannu yana juyawa yana ƙirgawa. Sau biyu wayar ta tsinke ya sake daga farko. Larabar da aka gwada, naɗin ya yi yawa, muryar ta yi duhu. Ya je ya warware, Laraba ta gaba ta fito a rame kamar rediyon aljihu. Wata Larabar kuma ba wuta.

Zivanai ya ce, "Na rantse da kabarin uwata, wannan ne na ƙarshe. In bai yi maka ba ka koma wa galan ɗinka."

Ya ƙara naɗi kaɗan, ya tsoma abin a narkakken kakin zuma don kada ya riƙa ihu, ya kawo a mako na goma sha ɗaya. Aka liƙe, aka ɗaure tsirkiyoyi, aka jona. Garikai ya taɓa ɗaya, ya taɓa biyu, sannan ya saki hannu.

Ita ce. Har ta fi da. Siririya, garau, da ɗan zaƙi a ƙarshen kowace ƙwaya, duk gudun da ya yi ba wadda ta hau kan 'yar'uwarta. Zivanai mai bakin tsiya sai kai yake gyaɗawa. Matar maƙwabci ta bar wankinta ta leƙo ta kan katanga. Garikai ya ji ƙwalla ta cika masa ido, bai ma damu a gani ba.

Gwaggo Marwei ta fito ta ce, "Yana kiran ka."

Tsohon ya ƙare, sai ƙashi da idanu. Gwaggo ta zauna a gefen gado tana yi masa fifita. Ya motsa leɓe ya ce, "Yauwa. Ita ce."

Garikai ya durƙusa. Ya jira. Tsohon bai ƙara komai ba. Sai Garikai ya ce, "Baba, maganar nan da muka yi kwanaki..."

"Mmm," in ji tsohon, idonsa na rufewa. "Je ka ƙara kaɗa min."

Ya koma baranda ya yi ta kaɗawa har la'asar, duk tsofaffin waƙoƙinsu, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa kansa Laraba mai zuwa zai faɗa ƙarara ko da za a tsine masa. Ranar Lahadi da safe Chikowore ya cika.

A ƙauyensu can Wedza aka binne shi. Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida aka baje kayansa kaf, kwat-kwat, takalma, gatari, agogo, ganguna, lasifikoki, ga kuma jar jitar a kwance a kan buɗaɗɗen akwatinta. Wani dattijo ya yayyafa wa komai ruwan ganye. Tapera, ɗan Gwaggo Marwei, shi ke rabo, don aikin ɗan 'yar'uwa ne. Ganguna da lasifikoki aka ba 'ya'yan mamacin biyu da suka zo daga Afirka ta Kudu, waɗanda tun a daren jiya aka ji suna neman mai saye. Sai Tapera ya ɗaga jitar ya ce wannan ita ce abin da kawunsa ya fi ƙauna, don haka ƙanin marigayin, Baba Kufa, zai riƙe ta ya riƙa tunawa da yayansa. Baba Kufa manomin masara ne, bai taɓa riƙe jita ba a rayuwarsa.

Garikai ya fito tsakiya ya tsuguna ya tafa hannu. Ya ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Marigayi ya ce min da bakinsa jitar nan tawa ce."

Dattijon ya ce, "A gaban wa?"

"Mu biyu ne."

Duk aka juya ga Gwaggo Marwei. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Ɗana, mako goma sha ɗaya kana zarya a gidan nan, kullum ina tsaye a kanka. Da ka ce min uffan, da na tambaye shi. Ban ce ƙarya kake yi ba. Amma ban ji ba, ba kuma zan ce na ji ba."

Garikai ya dubi jitar. Ya ce, "To ku bar ni in cire maɗaukin da ke ciki. Wannan kam nawa ne, ni na sa aka yi shi. Ba zai ɗauki lokaci ba." Ya sa hannu a aljihun kwat ya zaro sukundireba. Tun zaman Larabobin nan take aljihun, ya ma manta da ita.

Wuri ya kaure. "Kun gani? Da sukundireba ya zo jana'iza!" in ji ɗaya daga cikin 'ya'yan. Wata tsohuwa ta ce a'uzu, ashe da shirinsa ya zo. Dattijon ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce abin da ruwa ya taɓa ya zama na mamaci, kuma ba a feɗe kayan mamaci a gaban kabarinsa kamar kaza.

Baba Kufa mutumin kirki ne, abin ya dame shi. Ya ce shi ƙusa zai buga ya rataye jitar a bangon ɗakinsa inda kowa zai gani, akwatin kuwa cin wuri kawai zai yi masa, a ba bawan Allah nan da ya yi wa yayansa hidima. Dattawa suka ce wannan magana ta yi kyau. Tapera ya rufe akwatin ba komai a ciki ya miƙa wa Garikai da hannu biyu, mata suka rangaɗa guɗa. Garikai ya tafa hannu ya yi godiya, don haka ake yi.

Da rana tsaka ya tari kombin Harare a bakin titi. Kwandasta ya miƙo hannu ya ce, "Kawo a sa a baya, Baba." Garikai ya janye da sauri ya ce zai riƙe abinsa, ya shiga ya tsayar da akwatin tsakanin ƙafafunsa. Wata mata mai kwandon kaji da ke gefensa ta yi ta kallon sa, can ta dafa ƙirji.

"Kai! Ba Nyamande ba ne? Ku kuka yi mana wasa a bikin ƙanina! Direba, kashe rediyon nan, ga mai abin da kansa. Ɗan buɗe ka taɓa mana ko kaɗan ne, hanya da nisa."

Fasinjoji suka ɗauka, a buɗe, a buɗe.

Ya ce, "Tsirkiya ce ta tsinke, Mama."

Motar ta faɗa wani rami, akwatin ya yi tsalle ya zame wajen matar, ta kai hannu za ta tare masa. Ya riga ta. Ya rungume shi da hannu biyu ya matse a ƙirji, haka ya riƙe shi har Chitungwiza, don kada wani ya ɗaga ya ji nauyinsa.